Muhawara: Idan yaro ya ce “to” alhali bai gane ba, laifin wane ne?

Alhaji Murtala, Kano:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai wata matsala da nake so mu tattauna, domin na tabbata ba ni kaɗai take damu ba. Ina da ƙaramin shagon ɗab'i inda muke buga katin gayyata da kalanda da rasit da takardun jarrabawar makarantu, kuma akwai matasa da ke aiki a ƙarƙashina. A makon jiya wani bawan Allah ya kawo aikin katin ɗaurin auren 'yarsa, guda 500. Bayan an gama tsara katin a kwamfuta, sai ya bugo mini waya ya ce iyayen ango sun nemi a dawo da ɗaurin auren daga Asabar zuwa Juma'a, bayan an sauko daga masallaci. Na leƙa ɗakin inji, janareta na ta ruri, na gaya wa yaron da ke kan aikin cewa a mayar da ranar Juma'a kafin a buga. Ya ɗan rusuna ya ce, “To, Alhaji.” Da yamma na tarar an buga katin, an yanke, an ɗaure da roba ɗari-ɗari, kuma kowanne yana ɗauke da Asabar. Da na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce abin da ya ji shi ne a yi sauri a buga kafin Juma'a, kuma ya so ya sake tambaya, amma ya ga kamar raina a ɓace yake, sai ya ji nauyi.

Takarda da tawada sun tafi a banza, kuma dole muka kwana muna sake bugawa. Ba asarar ce ta fi damuna ba, a'a, yadda abin yake maimaita kansa ne: ka yi wa yaro bayani, ya amsa maka da ladabi, ka juya da tabbacin an gama magana, ashe ko rabi bai kama ba. Shin wannan sakacin yaran zamani ne, ko kuwa akwai wata dabarar isar da saƙo da mu masu ba da umarni ya kamata mu koya?

Malam Isa, tsohon shugaban makaranta, Zariya:

Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ni dai a ganina laifin yaron ne, kuma bai kamata mu tsaya kwana-kwana ba. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma babu wata tarbiyya da ta hana ƙarami ya ce, “Gafarta Alhaji, ban ji da kyau ba.” Abin da na lura da shi a shekarun da na yi ina koyarwa shi ne sauraro kansa ya yi ƙaranci. Ana yi wa yaro magana, idonsa yana kanka amma hankalinsa yana kan wayar da ke aljihunsa, yana jiran ka rufe baki ya amsa ya tafi. Wanda ya karɓi aikin mutane ya karɓi amana, kuma idan bai tabbatar da abin da aka ce masa ba, bai kamata ya kunna inji ba.

Malama Hadiza, ma'aikaciyar jinya, Kaduna:

Allah ya gafarta Malam, ban ƙi ta taka ba game da amana, amma ina neman izini in kawo abin da aikinmu ya koya mana, domin a wurinmu kuskuren saƙo ba takarda yake ci ba, rai yake ci. Lokacin da ya fi kowane haɗari a ɗakin marasa lafiya shi ne lokacin miƙa aiki, wato sa'ad da masu aikin dare za su tafi gida, masu aikin safe su karɓa. Wadda ta kwana a tsaye ta gaji, tana son ta tafi, kuma duk abin da ya faru da daren yana cikin kanta a sarari, har takan ɗauka kowa ma ya sani. Za ta ce, “An ba wa na gado na shida allurarsa,” alhali allurai biyu aka rubuta masa, ɗaya aka yi, ɗayar kuma ba a samu a kantin magani ba. Wadda ta karɓa za ta gyaɗa kai, domin jimlar ta yi daidai a kunnenta, babu abin da zai sa ta yi zargin akwai giɓi.

Wannan shi ne abin da nake so a lura da shi. Sau da yawa mai sauraro bai san cewa bai gane ba. Yaron Alhaji ya ji kalmar Juma'a, ya ji kalmar bugawa, sai ƙwaƙwalwarsa ta haɗa masa jimla mai ma'ana daga abin da ƙarar janareta ta bari. Wanda yake cikin wannan hali ko an ce masa “ka gane?” zai ce ya gane, kuma ba ƙarya ya yi ba. Shi ya sa a asibitocin da suka ɗauki abin da muhimmanci ba a tambayar mai karɓar aiki ko ya gane, sai dai a ce ya maimaita abin da ya ji da bakinsa. A 2014 an wallafa sakamakon wani bincike da aka yi a asibitocin koyarwa 9 na Amurka da Kanada, inda aka koya wa likitocin yara wani tsarin miƙa aiki mai suna I-PASS, wanda matakinsa na ƙarshe shi ne mai karɓa ya taƙaita abin da aka gaya masa. Kurakuran jinya sun ragu da kashi 23 cikin ɗari, illolin da za a iya kauce musu kuma suka ragu da kashi 30, kuma lokacin da ake ɗauka wajen miƙa kowane majiyyaci kusan bai ƙaru ba. Ni a ɗakinmu idan likita ya ba ni umarni ta waya, sai na rubuta, na karanto masa sunan maganin da adadinsa da lokacinsa, ya ce haka ne, sannan na ajiye wayar. Akwai likitocin da abin yake ƙona wa rai, musamman da tsakar dare, amma gara ya yi tsaki da in yi allurar da ba ita ba.

Malam Isa:

Malama Hadiza, na ji bayaninki kuma yana da ma'ana a asibiti. Amma ki duba maganar Alhaji da kyau: yaron da bakinsa ya ce ya so ya sake tambaya. Ke nan ya san akwai shakka a ransa, ya zaɓi ya yi shiru. Wannan ba rashin sani ba ne.

Injiniya Bashir, Abuja:

Malam ya taɓo ainihin wurin, kuma a nan ne nake ganin nauyin ya koma kan babba. Tambayar ita ce, me ya sa mutum zai ga shakka a ransa, ya san aikin zai iya lalacewa, amma ya ga shirun ya fi masa sauƙi? Amsar ita ce ya auna abin da tambaya za ta jawo masa nan take da abin da kuskure zai iya jawowa daga baya, sai tsoron na kusa ya rinjayi tsoron na nesa. Kuma wannan ba halin Bahaushe kaɗai ba ne.

Haɗarin jirgin sama mafi muni da aka taɓa yi ya faru ne a ƙasa, ba a sama ba, ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerif na ƙasar Sifaniya. Manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM na Holan, ɗaya na Pan Am na Amurka, an karkatar da su zuwa wannan ƙaramin fili saboda wani bam da ya tashi a filin da suka nufa. Hazo ya rufe ko'ina, hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage ba ta ganin jiragen, jiragen ba sa ganin juna. Matuƙin KLM babban kyaftin ne, shi ne ma shugaban masu horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfaninsa, kuma yana cikin gaggawa domin kada lokacin aikin da doka ta ƙayyade musu ya ƙare. Hasumiya ta ba su bayanin hanyar da za su bi bayan sun tashi, shi kuwa ya ɗauka izinin tashi ne aka ba shi. Mataimakinsa ya faɗa wa hasumiya wata jimla mai harshen damo, wadda za a iya fahimtarta da cewa suna wurin tashi suna jira, ko kuma sun fara tashi. Mai kula da hasumiya ya amsa, ya ƙara da cewa su dakata zai kira su, amma a daidai wannan lokaci matuƙan Pan Am su ma suka yi magana a rediyo cewa har yanzu suna kan titin, muryoyin biyu suka haɗu suka zama ƙara, umarnin dakatawar bai isa kunnen matuƙan KLM ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne injiniyan jirgin KLM, wanda ke zaune a bayan matuƙan, ya yi shakka, har ya tambaya ko jirgin Pan Am ya bar titin. Kyaftin ya amsa masa da ƙarfi cewa ya bari, shi kuma bai sake cewa komai ba. Mutum 583 ne suka mutu.

Bayan wannan, masu harkar jiragen sama ba su tsaya ga cewa ƙananan ma'aikata su riƙa ƙarfin hali ba. Sun gyara kalmomin rediyo, ta yadda kalmar da ke nufin tashi ba a furta ta sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi, sannan a shekarun da suka biyo baya aka shigo da horon da ke koya wa kyaftin cewa aikinsa ne ya nemi ra'ayin na ƙasa da shi, ya kuma saurara idan an ja hankalinsa. Wato sun gane cewa ba za ka umarci ƙarami ya daina jin nauyi ba, sai dai ka sauƙaƙa masa hanyar magana.

Alhaji Murtala:

Injiniya, na gode, amma kada a mayar da ni dodo. Ban taɓa dukan yaro ba, ban taɓa zagin iyayen kowa ba, kuma abincin rana tare muke ci. Ranar ma ba da shi nake fushi ba, mai kawo mana takarda ne ya saɓa alkawari. Idan har sai na tsaya na yi murmushi kafin in ba da kowane umarni, yaushe za a yi aikin?

Zainab, ma'aikaciyar ofis, Abuja:

Alhaji, ranka ya daɗe, bari in yi magana a madadin na ƙasa, tunda har yanzu a nan nake. Ba sai shugaba ya yi duka ko zagi ba kafin a ji tsoron tambayarsa. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma mu da muke ƙarƙashin wasu mun ƙware wajen karanta fuskar shugaba tun daga yadda ya amsa gaisuwar safe. Yaronka bai san mai takarda ne ya ɓata maka rai ba, abin da ya gani kawai shi ne maigidansa ya shigo fuska a murtuke.

A wani ofis da na taɓa aiki, shugabar sashenmu takan miƙo fayil ta ce, “A yi abin da ya dace.” Ranar da na fara tambayarta ko wasiƙar amsa take so ko taƙaitaccen bayani, sai ta ɗaga murya a gaban kowa ta ce ko sai ta koya mini aikina ne. Ba ta zage ni ba, amma daga ranar duk wanda ke ɗakin ya koyi darasi, muka koma yin hasashe. Sai mu taru a bayan idonta muna tambayar juna me take nufi, a yi aikin kwana biyu, a kai mata, ta ce ba haka ta ce ba. Ita a ganinta ma'aikatanta ba su da kai, mu kuma a ganinmu ba ta san abin da take so ba, alhali duk abin jimla biyu ne da ba a faɗa ba: me ake so, kuma yaushe ake so.

Akwai wani abu kuma da ban ga an ambata ba. A ofisoshinmu na Arewa sau da yawa ana yin rabin taro da Hausa, musamman idan magana ta yi zafi, sannan a rubuta bayanan taron da Turanci. Mai rubutu yakan tace maganar, ya sassauta inda aka yi tsauri, wani lokaci ya bar sunan wanda aka ɗora wa aiki saboda kada a ce ya nuna yatsa. Bayan mako biyu sai a dawo, kowa ya ce shi bai san shi aka ba wa ba. Inda nake aiki yanzu, kafin a tashi daga taro sakatare yakan karanto abin da aka yanke da babbar murya, aiki kaza, wane ne zai yi, ranar kaza zai kawo, kuma sai mai sunan ya amsa. Minti biyar bai cika ɗauka ba.

Ustaz Nura, Katsina:

Ina so in ɗan yi gyara ga tunanin da ke cewa tambayar babba ko tunatar da shi ya saɓa wa ladabi, domin wasu suna jingina wannan ga addini, kuma ba haka ba ne. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa sahabbai limancin ɗaya daga sallolin rana, sai ya sallame bayan raka'a biyu. A cikin jama'ar akwai Abubakar da Umar, amma kwarjininsa ya hana su magana, masu gaggawa ma har sun fita suna cewa an rage salla. Sai wani sahabi da ake kira Zul-Yadaini ya tambaye shi shin mantawa ya yi ko kuwa an rage sallar ne. Annabi bai tsawata masa ba. Ya juya ya tambayi sauran ko abin da ya faɗa gaskiya ne, suka tabbatar, ya cika sallar ya yi sujjadar rafkanuwa. A duba yadda tambayar ta zo: bai ce an yi kuskure ba, ya kawo yiwuwa biyu ya bar wa babba ya zaɓa. Wannan salo ne da kowane yaron shago zai iya amfani da shi ba tare da ya zubar da girman maigidansa ba.

Ta ɓangaren mai magana kuma, Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa idan Annabi ya faɗi magana yakan maimaita ta sau uku domin a fahimce ta, Nana A'isha kuma ta ce ba ya jero zance da sauri, yakan yi magana daki-daki har mai ƙirgawa zai iya ƙirga ta. Idan wanda ya fi kowa fasaha bai dogara ga faɗa sau ɗaya ba, to mu da muke magana a cikin ƙarar inji ba mu da hujjar cewa ai mun faɗa.

Malam Isa:

Allah ya saka da alheri, Ustaz. Hadisin nan kuwa hujjata ce, domin Zul-Yadaini ƙarami ne a kan Abubakar da Umar, kuma shi ya buɗe baki. Abin da nake nema ga yaranmu ke nan. Amma na yarda da abu guda daga maganar Malama Hadiza, domin ta tuna mini da iyayenmu mata. Idan uwa za ta aiki yaro gidan maƙwabta, ba ta sakinsa sai ta ce, “Me na ce ka ce?” Yaro ya maimaita, idan ya karkace ta gyara masa, sannan ya ruga yana nanata saƙon a hanya. A makarantar allo ma malam ba ya biya maka karatu ya tambaye ka ko ka iya, sai dai ka biya masa ya ji. Saboda haka abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Inda nake da ja shi ne a yi wa baligi mai gemu irin wannan tambaya, domin zai ɗauka an raina hankalinsa.

Malama Hadiza:

Gaskiya ne, Malam, idan aka ware mutum ɗaya aka ce ya maimaita, zai ji an muzanta shi. Maganin shi ne abin ya zama ƙa'idar wurin, ya hau kan kowa, har da shugaba. Idan yaro ya kawo wa Alhaji saƙon mai kati, Alhaji ya ce, “Wato ka ce guda 500, Juma'a bayan masallaci, haka ne?” to gobe idan aka nemi yaron ya yi haka ba zai ga baƙon abu ba. Ku duba masu POS a bakin titi: babu wanda zai tura kuɗi sai ya karanto maka sunan da ya fito a na'urarsa ka ce shi ne, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi fushi ba, ko hakimi ne, domin kowa ya san kuɗinsa ake tsarewa.

Hajiya Rabi, 'yar kasuwa, Maraɗi:

Salamu alaikum, ina gaida manyan zaure. Ni harkata saye da sayar da atamfa da turare ce tsakanin Maraɗi da Kano, kuma ina so in nuna muku cewa ko harshe ɗaya ake yi, ba lalle ne lissafi ya zama ɗaya ba. A nan Nijar idan muna ciniki da Hausa, da dala muke ƙirga kuɗi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Idan na ce ɗari, sefa 500 nake nufi, jika ɗaya kuma sefa 1,000. Baƙon da ya zo daga Najeriya ya ji an ce masa kaya ɗari biyu ne, zai miƙa sefa 200 yana murna ya samu araha, mai kaya kuwa jika guda yake jira. Duk su biyun Hausa suka yi, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Shi ya sa da abokan cinikina na Kano ba na yarda a rufe magana da baki kawai, sai an rubuta adadin da lamba, an kuma faɗi ko naira ce ko sefa.

Game da saƙon murya na WhatsApp kuma, wanda yanzu da shi ake yawancin cinikin, ina da ƙorafi a kan 'yan'uwana mata da maza baki ɗaya. Mutum zai aiko saƙon minti shida, ya gaishe ka, ya gaida yara, ya tambayi gajiya da sanyi, ya ba da labarin rashin lafiyar surukarsa, sai can wajen minti na biyar ya ce a aiko masa turmi goma sha biyu, ya koma ya ce a'a, a bar shi goma. Bayan sati idan gardama ta tashi, sai ka zauna kana sauraron saƙonni ɗaya bayan ɗaya kana neman inda aka faɗi adadin. Ban ce a daina saƙon murya ba, domin da yawa daga masu saye a wurina ba su yi lakkwal ba, wato boko, kuma da muryar suke kasuwancinsu lafiya lau. Ban kuma ce a daina gaisuwa ba, wanda ya faɗo maka da buƙata babu sallama ai ba za ka ji daɗin yi masa aiki ba. Abin da nake yi shi ne in gaisa a saƙo ɗaya, in faɗi buƙata a saƙo na biyu gajere, sannan adadi da farashi da rana in rubuta su da lamba, tunda lamba kowa yana iya karantawa.

Kabiru, Gombe:

Duk wannan yana da kyau, amma a wata bita da aka yi mana a wurin aiki an ce bincike ya nuna kalmomi kashi 7 ne kawai na saƙo, murya kashi 38, yanayin fuska da jiki kuma kashi 55. Idan haka ne, ashe ba maimaita kalmomi ya kamata mu fi damuwa da shi ba.

Injiniya Bashir:

Malam Kabiru, waɗannan alƙaluma suna yawo a wuraren bita, amma an ɗora musu kayan da ba nasu ba. Sun fito ne daga gwaje-gwajen da wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Albert Mehrabian, ya yi a 1967, inda aka riƙa furta kalma guda ɗaya da muryoyi daban-daban, ana nuna hotunan fuska, ana tambayar mutane ko mai maganar yana nuna so ko ƙi. Abin da ya gano ya shafi yanayin da kalma da murya suka saɓa wa juna wajen bayyana abin da ke zuciya, kuma shi kansa ya yi gargaɗin kada a faɗaɗa shi zuwa kowace irin magana. Idan wani ya ce maka “ba komai” yana huci, lalle hucin za ka gaskata. Amma babu yanayin fuskar da zai gaya wa ma'aikaciyar jinya adadin maganin da za ta bayar. Fuska ita ke buɗe ƙofar tambaya ko ta rufe ta, kamar yadda Zainab ta nuna, bayanin aikin kuwa dole kalmomi da lambobi su ɗauke shi.

Alhaji Murtala:

Na saurari kowa. Har yanzu ina tare da Malam Isa cewa yaron yana da nasa kason, kuma na gaya masa haka, mu biyu a ofis, ba a gaban 'yan'uwansa ba. Amma shawarar Hajiya Rabi ta rubutu ta shige ni. Daga yanzu kowane aiki zai zo da 'yar takarda manne da shi, mai ɗauke da sunan mai aiki da adadi da ranar karɓa, kuma duk gyaran da aka yi ta waya sai an rubuta shi a kanta. Sannan ba za a buga katin kowa ba sai an tura masa hoton gwaji ya duba ya amsa a rubuce.

Zainab:

Madalla, Alhaji. Tunda ana kan maganar, akwai ɗaya gefen da ya fi ba ni wahala a ofis da gida, wato yadda ba ma iya cewa a'a. Za a ba ka aikin da ka san ba zai gamu zuwa gobe ba, amma sai ka ce in sha Allahu, shugaba ya tafi da tabbacin an yi masa alkawari, kai kuma a ranka ka san ba ka yi ba. Haka idan ɗan'uwa ya nemi rance, maimakon a ce babu, sai a ce masa “bari in duba,” ya yi ta zarya yana bugo waya har zumunci ya yi tsami, alhali da an gaya masa gaskiya tun farko da ya nemi wata hanya. Na gwada ce wa shugabana, “Yallaɓai, idan na ɗauki wannan, rahoton da ka ce in kawo Laraba zai koma Alhamis, wanne za a fara?” kuma ya karɓa da kyau, domin zaɓi na ba shi. Amma ban san yadda zan yi irin wannan da kawuna ko surukata ba, inda babu wani rahoto da zan kafa hujja da shi.

Hajiya Rabi:

'Yata Zainab, da manya na gida ba a kai musu a'a tsirara, amma kuma ba a barinsu a rataye. Idan kawunki ya nemi abin da ba ki da shi, ki je da ƙafarki ko ki kira shi da kanki, kada ki aika yaro kuma kada ki rubuta. Ki gaishe shi yadda ya kamata, ki ce masa wannan karon abin ya fi ƙarfinki, ki faɗi ɗan abin da za ki iya idan akwai, ki kuma faɗi ranar da zai same shi. Zai iya ɓata rai na kwana biyu. Surukar kuwa, idan maganar mai nauyi ce, ɗanta ya kamata ya kai mata, ba ke ba, kuma ku zauna ku daidaita abin da zai faɗa tun kafin ya fita daga gida, domin maza suna da halin zuwa gaban uwa su sauya magana.